Kafin a Haɗiyi Ƙwayar Bitamin, a Fara Sanin Abin da Jiki Ya Rasa

A tasha da kasuwa da shafukan Facebook, kwalaben bitamin sun zama haja mai tafiya. Wanda ya ji kasala sai ya nufi kemis, ya karɓi “maganin ƙarin jini” ko “na ƙara kuzari” ba tare da an duba jininsa ba. Neman magani halal ne, malamanmu ma suna kwaɗaitarwa a kansa. Amma jiki amana ne, kuma ɗura masa abin da bai nema ba ganganci ne da amanar.

Alama ɗaya tana iya samun sababi da yawa. Ƙarancin jini kan zo daga rashin sinadarin ayon, amma yakan zo daga zazzaɓin cizon sauro, ko tsutsar ciki, ko sikila. Mai sikila da ake yawan yi wa ƙarin jini, ayon ya riga ya taru masa a jiki. Ƙara masa wani cutarwa ce. Wani misalin daga Jos ya fito: binciken da aka wallafa a 1999 ya nuna cewa yaran da ƙasusuwansu suka yi laushi, ƙafafunsu suka lanƙwashe, sun fi warkewa da kalsiyam fiye da bitamin D shi kaɗai, alhali a littattafan likitanci bitamin D aka saba zargi. Iyayen da suka yi wa ɗansu magani da ka, da sun ɓata watanni da kuɗi ƙafa tana ci gaba da lanƙwashewa.

Mutane da dama suna zaton duk rarar bitamin fita take da fitsari. Ba haka abin yake ga A da D da E da K ba, domin jiki yana taskace su. Yawan bitamin A na lahanta hanta, kuma yana iya nakasa ɗan tayi. Yawan D yana ɗaga kalsiyam a jini har ya taɓa ƙoda.

Wannan ba kira ba ne ga gujewa magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba mai juna biyu shawarar shan ayon miligiram 30 zuwa 60 da folik asid miligiram 0.4 kullum. Maigidan da ya hana iyalinsa zuwa awo, ko ya ƙyale ƙwayoyin suna ƙura a kan kwaba, shi ma yana da alhaki. Kuma kada a kora ayon da shayi, domin yana rage shigarsa jiki. Lemon zaƙi ya fi.

Akwai kuma batun halacci. Ɓawon kafso da yawa jelatin ne, wanda ake samu daga fatar alade ko ta shanu. Malamai sun yi saɓani kan hukuncinsa bayan ya sauya kama. Mai son fita daga saɓanin ya tambayi mai harhaɗa magani ko akwai na ƙwaya ko na ruwa, ya kuma duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

A gida, a ɗaga kwalbar sama. Ƙwayar ayon tana kama da alewa a idon yaro, kuma idan ya haɗiye ta da yawa tana iya kashe shi. Idan hakan ta faru a garzaya asibiti da yaron da kwalbar, ko da bai nuna alamar ciwo ba.