Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Sakataren Harkokin Wajen Amurka Kan Bizar 'Yan Jarida

Mai girma Sakatare Marco Rubio,

Wannan wasiƙa koke ce a madadin mutanen da sana'arsu ita ce su je su gani da idonsu, su faɗa wa jama'a abin da suka gani. Su ne 'yan jaridar ƙasashen waje masu neman izinin aiki a Amurka, waɗanda hanya ke ta ƙara yi musu wuya tun shigowar 2025.

Bizar da aka ware musu ita ce mai lakabin "I", kuma samun ta dama can ba wasa ba ne. Ɗan jarida daga Kano ko Sakkwato zai cike fom ɗin DS-160 a intanet, ya zayyana shafukansa na sada zumunta na shekara 5, ya biya dala 185 da ba a mayarwa ko da an hana shi. Sannan ya hau mota zuwa Abuja ko Legas, domin nan kaɗai ake tantancewa a Najeriya. Zai bi layi rungume da fayil mai ɗauke da fasfo da katin aiki da takardar edita. A ɗauki zanen yatsunsa, jami'i ya yi masa tambayoyi ta bayan gilashi, cikin 'yan mintuna a yanke hukunci.

Abin da ya sa wahalar take biyan kuɗin sabulu shi ne, wanda ya samu yakan zauna muddin yana kan aikin da aka turo shi. Amma a watan Agustan 2025 Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta fito da shirin taƙaita zaman zuwa kwana 240, na 'yan China kuma kwana 90. Wanda ke son ƙari sai ya sake nema.

Mai girma Sakatare ya tsaya takarar neman tikitin shugaban ƙasa a 2016, don haka ya fi kowa sanin tsawon kakar zaɓe. A 2024 an fara zaɓen fidda gwani a jihar Iowa cikin Janairu, aka yi babban zaɓe a Nuwamba. Wakilin da ya sauka ranar farko da izinin kwana 240, wa'adinsa zai ƙare kafin a kaɗa ƙuri'a. Gidan haya ma galibi shekara ake ƙulla yarjejeniyarsa, ga yara a makaranta. Mafi muni, wanda ya san bayan wata takwas zai koma neman alfarma wurin gwamnatin da yake ba da rahoto a kanta, dole alƙalaminsa ya riƙa ɗari-ɗari.

Ga 'yan Afirka abin ya zo biyu. A watan Yunin 2025 an sa Chadi da Sudan cikin ƙasashe 12 da aka hana mutanensu shiga Amurka. A Yuli kuma aka mayar da galibin bizar 'yan Najeriya ta wata uku, shiga sau ɗaya. Mai riƙe da irin wannan biza, idan aka yi masa rasuwa a gida ya zo ta'aziyya, komawa bakin aiki sai ya sake bin layin nan daga farko.

Masu sauraron Hausa sun riga sun ga yadda biza ke ɗaure ɗan jarida. A 1979 Sashen Hausa na Muryar Amurka ya fara magana da su daga Washington. Da aka dakatar da ma'aikatan gidan sama da 1,000 a watan Maris na 2025, shirye-shirye suka tsaya cak. A lokacin, 'yan ƙasashen waje da dama a gidan suna zaune ne da bizar J-1, wadda ke bai wa mutum kwana 30 ya tattara kayansa da zarar aiki ya ƙare. Wasu daga ƙasashen da ake ɗaure 'yan jarida suka fito.

Tarihi na kusa ya nuna inda wannan hanya ke kaiwa. A 2020 Amurka ta ƙayyade adadin ma'aikatan kafofin gwamnatin China da za su zauna a ƙasarta. Cikin watan Maris ɗin shekarar Beijing ta rama, ta kori Amurkawa wakilan New York Times da Wall Street Journal da Washington Post. Masu karatu a Amurka ne suka rasa idon da ke gane musu China a daidai lokacin da annobar korona ke bazuwa. Duk gwamnatin da ke neman hujjar takura wa wakilan Amurka za ta same ta a wannan tsari.

Ba wanda ke musun haƙƙin ƙasa na sanin wanda ke shigar mata. Sai dai Amurka tana da alkawura. Gyaran farko na kundin tsarin mulkinta, tun 1791, ya kare 'yancin jarida. Yarjejeniyar 1947 kan hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a New York ta hana ta tare hanyar 'yan jaridar da Majalisar ta tantance. Ga gasar Olympics ta Los Angeles a 2028, wadda dubban wakilai za su zo ɗauka.

Roƙon a nan guda uku ne. Mai girma Sakatare ya sa baki a cire 'yan jarida daga tsarin kwana 240. Ya umarci ofisoshin jakadanci su ba wakilan da aka tantance biza mai shiga da fita sau da yawa. Sannan a ware musu ranakun ganawa na gaggawa, domin labari ba ya jiran layi na watanni. Biyu na ƙarshe suna hannun ma'aikatarsa, kuma 'yan jarida na jiran ya aiwatar da su.