Tukunyar Gida da Lafiyar Tsufa

A ƙasar Hausa an saba ɗaukar shanyewar ɓarin jiki da raunin gani da kumburin ƙafa a matsayin kayan tsufa waɗanda ba makawa sai sun zo, alhali likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa da yawa daga cikin cututtukan da ke kwantar da dattijo a shekarunsa na 60 da 70, tun yana ɗan shekara 30 suke kafuwa, kuma abin da ake zuba masa a kwano kullum yana da babban kaso a cikin kafuwarsu.

Babbar cutar da ke gaba a wannan sahu ita ce hawan jini, wato yanayin da jini ke matsa bangon jijiyoyi da ƙarfin da ya wuce ƙima, wanda ake tabbatarwa idan awo ya riƙa kai 140 bisa 90 ko fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa manya kimanin biliyan 1.3 ne ke ɗauke da shi a duniya, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, domin yakan yi shekaru yana lalata zuciya da ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba tare da ya sa ko ciwon kai ba. Hukumar ta ba da shawarar kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, abin da bai wuce ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba. Wannan awo ya haɗa da gishirin da ido ba ya gani, kuma a nan ne gidaje da yawa ke tafka asara, domin dunƙulen ɗanɗano da ake marmasawa a miya gishiri ne mafi yawan abin da ke cikinsa, kanwa ma tana ɗauke da sodiyam, wato sinadarin gishiri da ke riƙe ruwa a jiki ya ɗaga jini, sannan ga yajin tsire da garin ɗanɗanon taliyar leda. Uwargidan da ta jefa dunƙule huɗu ko biyar a tukunya, ta bi da gishiri, ta ƙara kanwa don kuɓewa ta yi yauƙi, ba ta nufin kowa da sharri, amma mahaifin mijinta da ke cin wannan miya safe da dare shi ne zai fara biyan kuɗinta. Daddawa, wadda ake yi da kalwa, wato 'ya'yan ɗorawa da aka dafa aka rufe har suka ruɓa, tana ba miya ƙamshi da armashin da za su sa a rage gishiri ba tare da an ji rashinsa ba, kuma abin takaici ne yadda wasu gidajen birni suka mai da ita alamar ƙauyanci.

Haka batun yake game da hatsi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 don gero da danginsa, kuma Nijar da Nijeriya suna cikin ƙasashen da suka fi nomansa, amma farar shinkafa da burodi da taliya su ne suka mamaye kwanon mazauna birane. Gero da dawa da maiwa da acca suna da faiba, wato ɓangaren tsiro da hanji ba ya narkarwa, wanda ke rage saurin shigar suga cikin jini, ya kuma sauƙaƙa bayan gida, matsalar da ke damun tsofaffi ƙwarai. Sai dai yawancin wannan amfani a cikin dusa yake, don haka surfen da ya wuce kima yakan miƙa wa awaki mafi alherin ƙwayar. Ya kamata kuma a faɗi gaskiya cewa tuwon gero ma sitaci ne, kuma mai ciwon suga da ya tashi da malmala uku bai tsira ba don kawai hatsin na gargajiya ne. Suga da ake ƙarawa a abinci da abin sha kuwa, iyakarsa ga babba kimanin giram 50 ne a yini, kuma kwalba ɗaya ta rabin lita ta lemon zaƙi takan cinye kusan dukkan wannan kaso, kafin a zo kan na shayi da koko da fura da zoɓo. Harajin naira 10 a kan kowace lita da dokar kuɗi ta Nijeriya ta 2021 ta ɗora wa irin waɗannan lemuka bai kai ya hana kowa saye ba.

Akwai wani ɓangaren da ba a cika magana a kansa ba, shi ne zaizayewar tsoka, wadda ke ƙaruwa da shekaru har ta kai dattijo ga kasa tashi daga tabarma sai an kama shi, ta kuma jawo faɗuwa da karayar ƙugu. Jiki na buƙatar furotin, wato abincin gina tsoka, a tsufa kamar yadda yake buƙatarsa a ƙuruciya, amma da zarar haƙora sun zube sai a bar tsoho da kunu da koko, wai don su ne masu sauƙin haɗiya. Alale da faten wake da awara da dafaffen ƙwai da kindirmo da kifi duk suna da laushi, kuma kunun gyaɗa ya fi farin koko riƙe jiki. Idan aka haɗa da kwaɗon zogale ko rama, da miyar kuka da alayyafo, da gwanda ko mangwaro a lokacinsa, an doshi giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa da ake so mutum ya ci a yini. Gyaɗa da masara da suka yi fumfuna kuwa zubar da su ya wajaba, saboda gubar da fumfunar ke fitarwa tana haddasa sankarar hanta.

Komawa ga abincin gida ba ya nufin miƙa wuya ga masu tallar magani da lasifika a kasuwanni da tashoshin mota, waɗanda ke sayar da jiƙo ɗaya a matsayin maganin basir da sanyi da suga da hawan jini gaba ɗaya. Fitowar abu daga itace ba ta zama shaidar cewa ba ya cutarwa, kuma ƙodar tsoho, wadda ƙarfinta ya riga ya ragu, ba ta jure haɗin da ba a san awonsa ba. Wanda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini, gyaran abinci taimako ne gare shi, kuma barin maganin don an ji sauƙi yana daga cikin hanyoyin da shanyewar ɓarin jiki ke shigowa. Motsa jiki na minti 150 a mako, wanda tafiya da ƙafa zuwa masallaci ko kasuwa ko gona za ta iya cikawa, yana ƙarfafa wannan gyara, kuma awon hawan jini da ake yi cikin 'yan mintuna a ƙaramin asibitin unguwa ya kamata duk wanda ya haura shekara 40 ya riƙa yinsa aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da yana jin kansa garau.