Ba Kowane Ciwon Kwiɓi Ne Ƙoda Ba

Da wuya rana ta faɗi a ɗakin duba marasa lafiya ban ga wanda ya shigo dafe da gefe guda na bayansa ba, kuma tun kafin ya zauna ya gama yanke wa kansa hukunci: "Likita, ƙoda ce." Wani ya ce sanyi ne ya shige shi, wani ya ce basir ne ya hau masa ƙugu, amma ƙoda ta fi kowa shan zargi. Abin da na gani a bakin aiki shi ne, mafi yawan masu wannan ciwo ƙodarsu lafiya ƙalau take a ranar da ciwon ya soma. Abin da ke lalata ta wasu daga cikinsu daga baya shi ne maganin da suka yi watanni suna afawa don ciwon ya lafa.

Ƙoda ba ta inda mutane ke nunawa. Tana can sama, ƙarƙashin haƙarƙarin ƙarshe, ɗaya dama ɗaya hagu da ƙashin baya, tsawonta santimita 10 zuwa 12. Idan na ce wa mutum ya ɗora yatsa a kan wurin, sai ka ga hannu ya sauka ƙasa, daidai inda mazugin wando ke zama. Nan kuwa tsoka ce da jijiyoyi da gaɓoɓin ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari nasu ba wata cuta ta musamman ce ta jawo shi ba.

Dalilin da ya sa yake kama gefe guda ba ɓoyayye ba ne, a cikin sana'armu yake. Ɗan dako yana saɓa buhu a kafaɗa ɗaya shekara da shekaru. Mai Adaidaita Sahu yana yini a karkace, yana waiwayen fasinja da karɓar canji, ramukan titi na jijjiga shi. Manomi yana duƙe da fartanya ta hannun da ya saba. Mace ta ɗora yaro a kwankwaso ɗaya, ɗaya hannun ga jarka mai lita 25. Irin wannan ciwo yana da halinsa: motsi ke tayar da shi. Ruku'u ya yi wuya, tasowa daga sujada sai an dafa gwiwa, juyi a kan shimfiɗa sai da nishi, in an danna wurin da yatsa mai shi ya zabura. Babu zazzaɓi, fitsari bai sauya ba. Yawanci yakan yi sauƙi cikin mako biyu zuwa shida. Kwanciya a tabarma mako guda cur ba ta warkar da shi, ƙara sandarar da bayan take yi. Gashi da ruwan ɗumi, tafiya a hankali, rage ɗaukar nauyi na ɗan lokaci, da maganin rage zafi iri ɗaya tak na 'yan kwanaki, bayan an ci abinci, sun wadatar ga mafi yawa. Idan kuwa zogin ya biyo ɗuwawu ya gangara bayan cinya har ya wuce gwiwa, ƙafa na mutuwa ko tana tsira, to faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya ne ya danne jijiya. Shi ma sau da yawa yana lafawa ba tare da tiyata ba, sai dai yana son haƙuri da motsa jiki a hannun masu gashin ƙashi na asibiti.

Ciwon kwiɓin da ya fito daga ƙoda da gaske ba ya ɓuya. Mai tsakuwar ƙoda tun daga bakin ƙofa ake gane shi. Mai ciwon tsoka yana shigowa a sandare, yana lallaɓa jikinsa kada ya motsa. Mai tsakuwa kuwa ba ya iya zama wuri ɗaya: ya zauna, ya miƙe, ya durƙusa, ya kwanta a ƙasa, gumi na karyo masa, ga amai. Ciwon yana zuwa ne yana tafiya, ya taso daga kwiɓi ya zagayo mara, ga namiji har cikin maraina, fitsari kuma wani lokaci ya fito da jini. Ba zaman tsakuwar a cikin ƙoda ke jawo wannan azaba ba, saukowarta ne cikin siririn bututun da ke kai fitsari mafitsara, ta toshe hanya. Wadda ba ta kai milimita 5 ba galibi takan fita da kanta idan an ba da maganin zafi an kuma sha ruwa sosai. Babba kuwa sau da yawa sai an fasa ta ko an ciro ta. Gwajin fitsari da hoton ciki su ke raba gardama. In kuma zazzaɓi da rawar ɗari suka haɗu da irin wannan ciwo, ba a kwana da shi a gida, domin toshewa ce ta haɗu da ƙwayar cuta, kuma tana iya shiga jini cikin sa'o'i.

Mu da muke zaune a ƙasar zafi mun fi kowa bukatar jin wannan. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, ruwan jiki ta gumi yake fita, fitsari ya ragu ya yi kauri, gishirin cikinsa ya samu damar dunƙulewa. Birkila da ɗan acaba da mai gidan burodi su yini da ledar fiya wata biyu. Ledar nan rabin lita ce, kuma mai aikin rana yana bukatar shida ko fiye. Ba sai an je asibiti ba kafin mutum ya san ko ruwan ya ishe shi: in fitsari ya yi duhu, bai isa ba. Masu azumi a irin wannan yanayi su rarraba shan ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur, kada lemon kwalba ya cinye gurbin.

Mata su suka fi gamuwa da ɗayan nau'in ciwon ƙodar, wato ƙwayar cuta da ke hawowa daga mafitsara zuwa ƙoda. Takan fara da zafin fitsari da yawan zuwa banɗaki, sai a sayi "maganin sanyi" a sha ƙwaya huɗu a ajiye. Bayan kwanaki zazzaɓi mai zafi ya rufe ta, kwiɓi ɗaya ya ɗauki ciwo, ko ɗan bugu aka yi a wurin sai ta yi ƙara. Sai kuma a koma maganin maleriya. Ga mai juna biyu abin ya fi haɗari, yana iya tayar da naƙuda kafin lokaci. Wannan aikin maganin kashe ƙwayoyin cuta ne wanda ya dace da sakamakon gwaji, a sha shi har ƙarshe. A garuruwan noman rani kuma, irin su Kura da Kadawa da bakin kogin Haɗeja, duk wanda ya taso yana fitsarin jini yana yaro ya faɗa wa likita. Tsargiya tana barin tabo a hanyar fitsari wanda zai iya toshe ƙoda ɗaya bayan shekaru, alhali maganinta, praziquantel, sha ɗaya ne ana auna shi da nauyin mutum.

Akwai wata dattijuwa da 'ya'yanta suka kawo, ta yi kwanaki tana cewa wuta ake hura mata a gefen hagu, ko zani ya taɓa wurin sai ta yi kuka. An kira wanzami ya yi ƙaho, an shafa man zafi, har an fara ƙus-ƙus ɗin ko jifa ne. Na ce, "Baba, a ɗan ɗaga mayafin mu gani." Ga ƙuraje masu ruwa sun jeru daga tsakiyar baya sun biyo haƙarƙari zuwa ciki, sun tsaya cak ba su tsallaka ɗaya gefen ba. Ƙwayar cutar ƙarambau ce da ta yi tun tana yarinya, ta kwanta a cikin jijiya, tsufa ya ba ta hanya ta farka. Zafin yakan riga ƙurajen fitowa da kwanaki, shi ya sa yake ruɗa mutane. Maganinsa ya fi tasiri idan an fara cikin sa'o'i 72 da fitowar ƙurajen, kuma waɗannan kwanaki ukun su ne ake ɓatawa wajen neman wanda ya yi asiri.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ciwon ƙodar da kowa ke tsoro, wanda ke kai mutum layin wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako har gona da gida su tafi, yawanci ba ya yin ciwon baya ko kaɗan. Shiru yake cin mutum, kuma manyan masu jawo shi hawan jini ne da ciwon suga. Sai ya yi nisa ake ganin kumburin fuska da ƙafa, fitsari mai kumfa, kasala da rashin cin abinci. Mutanen Gashuwa da kewaye a Jihar Yobe, inda wannan cuta ta daɗe tana ɗauke magidanta, sun san haka fiye da kowa. To mutum ya kwana da fargabar ƙoda saboda tsokar da ta murɗe, bai taɓa auna jininsa ba, sannan ya nufi kemis.

Ina yawan cewa marasa lafiya su zazzage abin da ke aljihunsu a kan tebur. Wani magidanci mai tura kurar ruwa ya kwance ƙullin leda, ga ƙwayoyi biyar, fara da ja da ruwan ɗorawa da kafso biyu, ba kwali, ba suna. Ya ce, "Haɗin gajiya ne, likita. Kullum da safe nake sha da shayi, in ban sha ba ba na iya fita." Abin da ake zubawa a irin wannan haɗi sananne ne: diclofenac da ibuprofen da piroxicam, su uku 'yan gida ɗaya ne, aiki ɗaya suke yi, shansu tare ba ya ƙara sauƙi sai dai ya ninka illa. A ƙara da dexamethasone, wanda ke kumbura fuska ya tayar da suga da hawan jini ya kuma raunana ƙashi, wani lokaci har da tramadol. Dangin diclofenac suna rage jinin da ke isa ƙoda. Ga wanda ya yini a rana ba ruwa, ko mai hawan jini, ko dattijo, wannan kaɗai ya isa ya durƙusar da ita, ban da olsa da aman jini. Gudun gara ke nan aka faɗa gidan zago. Haka nan ruwan jiƙo na cikin jarka da ake tallarsa da lasifika a tasha, mai "wanke ƙoda da mara da basir" a kofi ɗaya: mai sayarwa ba zai iya gaya maka adadin abin da ke ciki ba, kuma ƙodar ce za ta tace shi.

Ban ga laifin mai kurar ruwa sosai ba. Zuwa asibiti yana nufin kuɗin kati, da layi tun asuba, da asarar cinikin yini guda, haɗin kemis kuwa kuɗin ƙosai ne kuma ciwon zai lafa kafin hantsi. Laifin yana wuyan waɗanda aka ɗora wa sa ido. Hukumar kula da harhaɗa magunguna ta ƙasa ita ke ba masu kemis lasisi, NAFDAC kuma ita ke kula da ingancin magani, kuma ɓare ƙwayoyi daga kwalinsu a haɗa a leda ba a ɓoye ake yin sa ba, a kan kanta ake yi da rana tsaka. Gwamnatocin jihohi da ke alfahari da sayen injinan wankin ƙoda su fara tabbatar da cewa kowane ƙaramin asibiti na unguwa yana da tsinken gwajin fitsari da na'urar awon jini mai aiki. Tsinken nan cikin minti biyu yake nuna jini ko furotin ko alamar ƙwayar cuta. Su ma ma'aikatan lafiya akwai gyara: tura kowane mai ciwon ƙugu ɗaukar hoton ƙashi kafin a taɓa bayansa ɓarnar kuɗin talaka ce, domin hoton ƙashi ba ya nuna tsoka kuma ba ya nuna jijiya. Tambaya mai kyau da hannu a kan wurin sun fi shi amfani a makonnin farko.

Akwai dai alamomin da ba a yi musu jinkiri. Macen da al'adarta ta ɗauke sai ga ciwo a gefe guda na mara ko ƙugu, da jiri ko ɗigon jini, a ɗauka cikin bayan mahaifa ne har sai hoto ya nuna ba shi ba ne, kuma ko tsakar dare ne maigida ya nemi mota. Wanda ƙafafunsa suka fara rauni, ko fitsari da bayan gida suka ƙwace masa, ko ya daina jin tsakanin cinyoyinsa, jijiyoyin ƙasan baya ne a matse, kuma sa'o'i ake ƙirgawa kafin illar ta zauna. Ciwon da ke hana barci, ga rama, ga gumin dare, a binciki tarin fuka na ƙashin baya, wanda maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, ko kuma daji ga wanda ya manyanta. Ciwon gefen dama da ke hawa ƙasan allon kafaɗa bayan cin maiƙo, a duba maɗaciya. Wanda ke ƙaruwa da jan numfashi tare da tari da zazzaɓi, huhu ne.

Wanda kuma ya riga ya yi watanni yana shan haɗin kemis, kada ya jefar da ledar don jin kunya. Ya taho da ita, ya faɗi sau nawa yake sha a rana, ya nemi a auna masa hawan jini da suga, a gwada fitsari, a kuma ɗebi jini a duba aikin ƙoda, ko da bayan ya daina ciwo.