Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Wa Ya Auna Abin da Ɗalibanmu Ke Sha?

Ya ku 'yan'uwana malamai na Rano da Kibiya,

Babu ɗakin malaman da ba a taɓa kukan ruwan zartsi a cikinsa ba. Wannan ya ce sabulu ya ƙi kumfa, wancan ya ce butar shayi ta yi farin ɓawo, malama ta ce wake ya cinye mata itace bai nuna ba. Daga nan sai a aiki ɗan garuwa ya ɗebo daga rijiyar da aka ce ruwanta ya fi daɗi, hankali ya kwanta. To ni a wurina, wannan kwanciyar hankali ita ce babban kuskurenmu, domin mun naɗa harshe alƙali a shari'ar da ba shi da iliminta.

Mu da muke koyar da kimiyya mun san tushen abin. Ruwa yana ratsa duwatsu da ƙasa, ya narkar da sinadaran kalsiyam da magnisiyam, su ne ke kashe kumfa, su toshe bututu. Wani nau'in tafasawa na rage shi, wani kuwa ko an kwana ana tafasawa yana nan. Asara ce ta sabulu da itace, ba a musu. Amma wannan taurin ruwa bai cika kwantar da yaro a asibiti ba. Abin da ke kwantar da shi ba shi da ɗanɗano, ba shi da launi: ƙwayoyin amai da gudawa da na taifot daga masai, da naitiret daga takin zamani, da dalma, da fulorayid wanda idan ya yi yawa yake ɓata haƙoran yara. Ruwa yana iya zama garau kamar ƙwalla, alhali ajali ne a cikin moɗa.

Tarihi ya riga ya yi mana gargaɗi. A 1854 kwalara ta kashe mutum fiye da 600 a wata unguwa ta birnin Landan, har likita John Snow ya gano cewa famfo ɗaya ne tushen annobar. Cikin mamatan akwai wata tsohuwa da ke zaune nesa da unguwar, wadda take sa a kawo mata ruwan famfon nan don daɗinsa. Kuma ba sai mun je Ingila ba. A 2021 an samu fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Kano na cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna.

Kada wani ya ce babu ma'auni. Tun 2007 Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa ta fitar da ƙa'idar ruwan sha, aka sabunta ta a 2015. Ta iyakance taurin ruwa ga miligiram 150 a kowace lita, naitiret 50, fulorayid 1.5, dalma 0.01, sannan ta ce kada a samu ƙwayar cutar bayan gida ko ɗaya a cikin mililita 100. Doka tana nan a rubuce. To, ina tambayarku: wane ne a cikinmu ya taɓa ganin takardar gwajin burtsatsen makarantarsa? Ni dai duk tsawon shekarun da na yi ina riƙe da alli ban taɓa gani ba. Abin da na gani shi ne allon siminti mai ɗauke da sunan wanda ya haƙa, da ranar da aka yanka ƙyalle, aka yi hoto, aka watse. An rubuta sunan mai kyauta da manyan baƙaƙe, ba a rubuta abin da ke cikin kyautar ba.

Abin ya fi ciwo idan aka tuna inda muke zaune. Madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo aka kammala a 1974, tana iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Ruwanta yana bi ta ƙasar Rano, ta Ruwan Kanya, ya je ya shayar da shinkafa da tumatir a Kadawa da Kura, wani ya gangara Tamburawa a tace wa mutanen birni. Mu kuwa yaranmu na layi da jarka a gindin tuƙa-tuƙa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Ƙasarmu kuma ta duwatsu ce, ruwan ƙarƙashinta a tsagogin dutse yake maƙalewa. Shi ya sa burtsatse biyu a unguwa guda kowacce kan zo da halinta, gwajin ɗaya ba ya wanke ɗaya.

Na san amsoshin da za a ba ni. Za a ce kakanninmu sun sha, sun rayu. Mu tambayi iyayenmu mata 'ya'ya nawa suka haifa, nawa suka binne kafin yaye. Sannan kakanninmu ba su zauna a cunkoson da ya sa masai da rijiya suka zama maƙwabta a gida guda ba, alhali ma'aikatan lafiya na shawartar tazarar mita 30 a tsakaninsu. Za a ce babu kuɗi. Wanda ya iya haƙa burtsatse, ya kafa rumfa, ya ɗauko makaɗa ranar buɗewa, bai isa ya ce kuɗin gwaji ne ya gagare shi ba. Za a ce wannan ba hurumin ƙungiya ba ne, mu tsaya kan albashi da ƙarin girma. Ashe ba ruwan nan muke sha ba? Ashe ba mu ne muke kiran suna da safe mu ji an ce wane yana gida, ciki ne ya ɓaci ba? Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Madalla. Amma sabon benci ba ya koyar da yaron da gudawa ta hana shi fitowa.

Saboda haka ina kira ga reshenmu ya ɗauki matsaya a taro mai zuwa. Na ɗaya, a rubuta wa sakatarorin ilimi da shugabannin ƙananan hukumomin biyu da hukumar samar da ruwa a karkara ta jiha, a nemi gwajin ruwan kowace makaranta sau biyu a shekara, da rani da tsakiyar damina. Na biyu, a liƙa sakamakon a allon sanarwa da Hausa, kowane uba ya karanta. Na uku, kada shugaban makaranta ya karɓi sabuwar burtsatse sai da takardar gwaji. Na huɗu, mu gyara namu: a wanke tankuna da randuna kowane zango, a sanar da iyaye cewa alif kwantar da laka kawai yake yi, tafasawa ko kulorin ne ke kashe ƙwayar cuta.

Yaran nan amana ce a hannunmu daga safe har tashi. Muna auna iliminsu sau uku a shekara, mu rubuta da jan biro, mu aika wa iyaye. Bai kamata ruwan da suke sha ya zama shi kaɗai ne ake ba wa maki ba tare da jarrabawa ba.

Allah Ya tsare mana su, Ya ba mu ikon sauke nauyi.