Ido Ba Mudu Ba Ne: Magana A Kan Masu Zubin Harsashi Na Ƙasar Amurka

  

Dalilin wannan takarda shi ne wata muhawara da ta tashi a zaurena bayan sallar la'asar. Wani ɗan kasuwa da ya yi karatun allo a hannuna, yanzu kuwa fatauci yana kai shi ƙasashen Turawa, ya ba mu labarin waɗansu maharba na ƙasar Amurka masu narka dalma da kansu, su zuba harsashi mai nauyi, su ɗura shi cikin kwanso da hannunsu. Sai wani dattijo ya ce, ai wannan ba baƙon abu ba ne, haka maharbanmu suke yi da bindigar toka tun kaka da kakanni. Ni kuwa na ce, kama da wane ba ta wane. Su mutanen nan suna da abu biyu da ya kamata a yaba musu: suna neman dabba ta mutu nan take ba tare da azaba ba, kuma ba sa ɗura kome sai sun auna. Na biyun nan shi ne abin da muka rasa.

Ku sani asalin al'amarin ya daɗe. A shekara ta 1873 kamfanin Winchester ya ƙera wata doguwar bindiga mai mariƙi a ƙarƙashi, wanda in an ja shi ƙasa an mayar, sai kwanson da aka harba ya fita, sabo ya shiga. Bayan 'yan shekaru kamfanin Colt ya yi libarba mai cin irin harsashin nan. Makiyayi a daji ya sami sauƙi, zama jaka ɗaya ta harsashi ta wadatar da dogon makami da gajere. A 1935 aka fito da harsashi mai ƙarfi da ake kira .357 Magnum, sa'an nan tsakanin 1955 da 1956 kamfanin Smith & Wesson da na Remington suka fito da .44 Magnum. Wanda ya daɗe yana kira a yi shi kuwa wani makiyayin shanu ne na jihar Aidaho, sunansa Elmer Keith, wanda ya rasu a 1984. Tun wajen 1928 ya tsara wani harsashin dalma mai faffaɗan kai, har yau ana zuba irinsa. A 1969 kamfanin Marlin ya sake fito da doguwar bindigarsa mai mariƙi domin wannan harsashi.

To, mene ne nauyin? Ma'auninsu shi ne giren, asalinsa ƙwayar sha'ir, kamar yadda malaman fiƙihu suka ƙaddara miskali da ƙwayar sha'ir 72. Giren 7,000 shi ne laba ɗaya. Harsashin .44 Magnum na kanti yawanci giren 240 ne, watau kimanin giram 15 da rabi. Masu zubi kuwa sukan kai shi giren 300 ko fiye, kimanin giram 19 da rabi. In an ɗauki miskali giram 4.25, wannan ya zama miskali huɗu da rabi da 'yan kai. Hujjarsu ita ce, harsashi mara nauyi mai tsananin gudu yakan baje ko ya tarwatse in ya gamu da ƙashi, ya bar rauni a sama-sama. Mai nauyi kuwa, in dalmarsa ta yi tauri kuma kansa faffaɗa ne, yakan yanka fata, ya karya ƙashi, ya ratsa huhu da zuciya ya fita ta ɗaya gefen. Da shi suke harbin barewar ƙasarsu da manyan namun dajinsu daga kusa.

A nan nake ganin sun dace da abin da malamanmu suka duba. Kowa ya karanta babin farauta ya san hadisin Adiyyu ɗan Hatimu game da sandar jifa: abin da ta huda da tsininta a ci, abin da ta buge da faɗinta mushe ne. Da bindiga ta bayyana malamai na baya suka yi saɓani. Shehu Dasuƙi ya kawo zancen a cikin hashiyarsa: waɗansu sun hana, suna ƙiyasi da dunƙulen yumɓu da ake harbawa, waɗansu kuwa, irin su Ibn Gazi da Shehu Abdulƙadir na Fas, sun halatta, domin harsashin dalma yana zubar da jini kuma yana gaggauta mutuwa. Sauran sharuɗɗa, kamar niyya da ambaton sunan Allah, suna nan a matsayinsu. Amma ku dubi illar halattawar, ita ce hudawa da saurin kashewa. Saboda haka maharbin da ya cusa gutsattsarin ƙarfe da ƙusoshi cikin bindiga, ya ji wa dabba ciwo ta gudu ta mutu bayan kwana uku a cikin sarƙaƙiya, ya yi asarar nama, ya kuma ɗauki alhakin dabba.

Sai dai fa nauyin nan yana da wahalarsa, kuma a nan hikimar awo take. Faɗin harsashi ba ya canzawa, domin bakin bindiga ɗaya ne, saboda haka ƙarin nauyi ƙarin tsawo ne. Dogon harsashi yakan nutse cikin kwanso ya rage wa albarushi wuri, in wuri ya ragu kuwa matsin wuta sai ya ƙaru. Shi ya sa duk sa'ad da harsashi ya ƙara nauyi, albarushi raguwa yake yi, akasin abin da jahili zai zata. Har wa yau, cikin bututun bindiga akwai zane mai murɗawa da yake juya harsashi don ya tafi sak. Tsofaffin bindigogin Marlin na .44 suna juya shi sau ɗaya cikin inci 38, libarba kuwa sau ɗaya cikin inci 20 ko kusa da haka. Dogon harsashi yana bukatar juyi mai sauri, don haka wanda ya tafi daidai a libarba yana iya tangaɗi a doguwar bindiga, ya faɗa wa abin harbi a karkace.

Ba a nan ta tsaya ba. A doguwar bindigar nan harsasai suna jere ne cikin wani bututu a ƙarƙashi, kan wannan yana dafe da gindin wancan, daidai inda ɗan ƙyastun tayar da wuta yake. In kai mai tsini ne, girgizar harbi tana iya tayar da su a ciki, shi ya sa ake yin kan a faffaɗe. A libarba kuwa bugun harbi yakan zaro sauran harsasai daga kwansonsu har tulun ya ƙi juyawa, sai an matse bakin kwanso sosai. Dalma zalla tana da laushi, tana shafewa a cikin bututu, sai su gauraya ta da kuza da wani ƙarfe da ake kira antimoni, su sa mata ɗan murfin jan ƙarfe a gindi. Kowane ɗayan waɗannan a rubuce yake cikin littattafan da masu yin albarushi da harsashi suka gwada suka buga. Mai hankali a cikinsu yakan fara daga mafi ƙarancin awo, ya hau sannu-sannu, mizaninsa kuwa yana rarrabe ushirin giren ɗaya.

Wani zai ce, to, me ya kai mutum wannan kasada alhali ga na kanti? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Su ma can ana samun wanda ya yi ganganci bindiga ta fashe a hannunsa. Kuma dalma guba ce, ko tana narke ko tana ƙura. Ba mu manta ba da abin da ya faru a ƙasar Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ƙurar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Jihar Kalifoniya ma ta hana farauta da harsashin dalma baki ɗaya tun 2019, saboda manyan ungulayensu da suke cin mushe suna mutuwa. Duk na yarda. Amma wannan hujja ce a kan sakaci, kuma wanda ya fi kowa sakaci shi ne mai awo da tafin hannu.

Na san wani maƙwabcina maharbi da yatsu uku suka rage masa a hannun hagu. Ya fasa harsashin kanti ya juye albarushinsa cikin bindigar toka, yana cewa ai ido ya san kima. Bai san albarushin zamani mara hayaƙi ƙarfinsa ya wuce abin da bututun maƙeri zai ɗauka ba. Karin maganar nan ta dace da mai sayar da gero, zama in ya yi kuskure mudu ne ya ragu. A wurin albarushi kuwa kuskuren ido hannu yake ci, ko rai.

Saboda haka ina kira ga 'yan kasuwa, kada ku sayar wa yaro ko wanda ba ku sani ba da albarushi ko dalma, kada kuma ku bari a narka dalmar tsohon batir a tsakar gida inda mata suke girki, yara suna rarrafe. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta wajabta lasin a kan riƙe bindiga, ta kuma hana ƙera makami ba da izini ba, libarba kuwa tana cikin waɗanda aka tsananta hana su. A wannan zamani da 'yan bindiga suka hana manoma barci, babu mai hankali da zai so a ƙara yawan makamai. Abin da nake so mu ɗauka daga mutanen nan shi ne ladabin awo da tausayin dabba. Malamai kuma su riƙa tunatar da sarakunan baka da maharbansu in sun zo neman addu'a kafin fita daji.

Allah ya kiyaye mu daga gaggawa da ganganci, ya sa mu cika mudu da mizani. Haza wasalam.