Raddi Ga Mai Cewa "Sule" Sunan Mutum Ne

Wani malami a Mararrabar Rido yana koya wa matasa cewa sulen kuɗi ya samo sunansa ne daga wani Sule da ya yi wa Turawa ajiya. Malam, da girmanka, maganar nan ba ta da tushe: daga "shilling" na Turanci sule ya fito.

Ka ce yau Bature ba ya furta kalma irin wannan, don haka ba tasa ba ce. Ai mutuwa ta yi a gidansu. "Shilling" tsohuwar kalma ce a Ingilishi, 'yar'uwar "Schilling" ta Jamusanci, wadda Ostiriya ta riƙe har zuwan kuɗin yuro. Ingila ta sauya lissafin kuɗinta a 1971, kalmar ta fita daga bakin jama'a. Kenya da Uganda da Tanzaniya kuwa suna kashe shilin har gobe.

Ka ce lafazin bai yi kama ba. Bahaushe bai saba rufe kalma da "ng" ba, sai ya datse wutsiyar ya ce sulai ko sule. Bayarabe ya ce "ṣile". Shi ma Sulen naka ya sani? Jam'in kalmar ma shaida ne: sulalla, wasu su ce silalla, ga wasalin asali nan bai ɓace ba.

Abin da ya fi rusa hujjarka shi ne sule bai zo shi kaɗai ba, da danginsa ya iso. Fam daga "pound", sisi daga "sixpence", kwabo daga "copper", wato jan ƙarfe. Lissafin ma na Turawa ne: kwabo 12 sule guda, sule 20 fam guda, kamar yadda hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, da aka kafa a 1912, ta buga su. In sule mutum ne, sai ka nemo mana Malam Sisi da Malam Kwabo.

Ina ganin kishin harshe ne ya ja ka, kuma kishin abin yabo ne. Amma aro ba gori ba ne. Da naira ta zo ranar 1 ga Janairu, 1973, Hausawa suka ci gaba da kiran kwabo 10 na sabon kuɗin sule, kwabo 5 sisi. Yau mai lemo a hanyar matatar mai zai ce bai yi cinikin ko sisi ba, alhali bai taɓa riƙe sisi a hannunsa ba. Wannan tarihin ya kamata matasan Rido su ji daga bakinka.