Madam Maisel: wa ke biyan kuɗin dariya?

Masu karatu, a wannan mako za mu ajiye zancen kasuwa da na buro, mu leƙa telebijin. Wasan da nake nufi na Amurka ne, kamfanin Amazon ya fitar da shi daga 2017 zuwa 2023, kashi 43 cikin zango biyar. Masu kallo da Faransanci sun san shi da sunan La Fabuleuse Madame Maisel. Wata mata ce, Amy Sherman-Palladino, ta tsara shi, kuma mahaifinta da sana'ar ban dariya ya ci abinci, saboda haka a gida ta tarar da abin da ta rubuta.

Labarin ya soma a birnin Niyok cikin 1958. Miriam Maisel, wadda ake kira Midge, ƴar gidan Yahudawa masu hali ce, mahaifinta malamin lissafi ne a jami'ar Columbia. Tana da miji, da ƴaƴa biyu, da gida na kece raini. Kullum sai ta auna cinyoyinta da ƙugunta ta rubuta a littafi. Da dare ba ta wanke kwalliyarta sai maigida ya yi barci, da asuba kuma ta riga shi tashi ta sake yin wata, don kada ya taɓa ganin fuskarta yadda take. Shi mijin, Joel, yana mafarkin zama ɗan ban dariya, amma da zancen wani yake hawa dandali. Ranar da wasansa ya watse a gaban jama'a, sai ya haɗa kayansa ya koma wajen sakatariyarsa. A daren nan Midge ta sha giya, ta tafi gidan wasan Gaslight, ta kama makirfo ta zazzage abin da ke cikinta. Jama'a suka yi ta dariya, ƴan sanda suka yi gaba da ita.

Wanda ya san ƴan kama na ƙasarmu ya san rabin wannan sana'a. Sauran rabin shi ne, a can mutum guda ne ke tsayawa, ba kiɗa, ba abokin wasa, sai bakinsa da asirin gidansu.

A gaskiya wasan ya ƙayatar. Tufafi da motoci da kantunan zamanin an maido da su da kyau har ido ya ƙoshi, zance kuma yana gudu kamar ruwan kwazari, wanda ke bin fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoto sai ya riƙa tsayar da shi yana komawa baya. Rachel Brosnahan, wadda ta fito a matsayin Midge, ta cancanci kyautar Emmy da ta samu a 2018, shekarar da wasan kansa ya ci kyautar wasan ban dariya mafi kyau. Amma ni wadda ta riƙe ni ita ce Susie Myerson, manajar Midge, wadda Alex Borstein ta fito a madadinta. Susie ba ta da kowa, ba ta da komai, ɗakinta guda ne a ƙarƙashin ƙasa, in an shimfiɗa gado ƙofa ba ta buɗuwa sosai. Ita ce ta ga baiwar tun daren farko, ita ke bin masu gidajen wasa da roƙo da zagi, ita kuma ta zubar da kuɗin Midge a caca. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa riƙe amanar wani ya ga ta zube a hannunsa zai gane fuskar Susie a wannan wuri.

Inda nake da ƙorafi shi ne, masu wasan sun so tauraruwarsu fiye da kima. Mace ce da miji ya gudu ya bari da ƴaƴa biyu, amma ba mu taɓa ganin ta rasa na cefane ba. Ta koma gidan iyayenta, ga baiwar Allah Zelda mai aiki tana girki, ƴaƴan kuwa sai a yi kashi biyu ba a ji motsinsu ba. Ta kama aikin sayar da kayan kwalliya a kantin B. Altman, amma rigunan da take sauyawa albashin shekara ba ya sayen su. Ma'aikacin da ya san yadda ƙarshen wata yake ba zai kasa tambaya ba: wa ke biya?

Amsar tana cikin zango na uku, kuma nan ne wasan ya fi faɗin gaskiya. Midge ta samu shiga ayarin wani mawaƙi baƙar fata, Shy Baldwin, wanda masu wasan suka ƙirƙiro. Wannan mutum yana cika zauren babban otel a Miami, amma launin fatarsa ya hana shi kwana a ciki. Yana kuma da asirin da zai iya kashe sana'arsa a Amurka ta lokacin: maza yake so. Midge ta sani. Da ta hau dandalin Apollo a unguwar Harlem, tsoro ya kama ta, sai ta nemi tsira da habaici a kansa, jama'a suka tafa mata. Ba ta ga laifinta ba sai da aka bar ta tsaye a filin jirgi da akwatunanta. Ko a nan ma, zango na huɗu ya buɗe da fushinta ne da zancen ramuwa, neman gafarar ya zo a makare. Shi Shy, wanda aka yi wasa da rayuwarsa, kusan ya ɓace daga labarin.

Akwai mutum guda a ciki wanda ba ƙirƙira ba ne: Lenny Bruce, wanda Midge ta tarar a motar ƴan sanda a daren farko. Luke Kirby ya fito da shi cikin natsuwa da fara'a, har ya zama kamar yayan da ke zuwa duk lokacin da ƙanwa ta shiga uku. Lenny na gaskiya ba shi da wanda zai zo masa haka. An yi ta kama shi saboda kalmomin da yake furtawa a dandali, kotun Niyok ta same shi da laifin batsa a 1964, gidajen wasa suka rufe masa ƙofa, ya mutu a 1966 da ƙwaya, yana da shekara 40. Sai a 2003 gwamna George Pataki ya yafe masa, shekara 37 bayan an binne shi.

Zango na biyar ya yi ƙoƙarin biyan bashin da aka tara. An riƙa tsallakawa gaba ana nuna mana Midge ta shahara ta yi kuɗi, ƴaƴanta sun girma suna ƙullace da ita, ta yi shekaru ba ta magana da Susie. An kuma nuna Lenny a San Francisco cikin 1965, yana karanta wa masu kallo takardun shari'arsa, ba mai dariya. Da an raba wannan ɗaci tun daga farko, da wasan ya fi haka nauyi. Kashi na ƙarshe ya rufe a 2005: Midge ta tsufa, tana ratsa ɗakunan wani ƙaton gida ita kaɗai, ta ɗauki tarho ta kira Susie, kowace ta kunna kaset ɗin shiri guda a inda take, suna kallo suna dariya.